Sa a bango, zakara a tukunya: yaya ake gane ɗakin Mitras idan an tono shi?

Ɗalibin Tarihi

Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan addinin wani abin bauta mai suna Mitras ce, wanda aka yi a daular Rumawa daga ƙarshen ƙarni na 1 zuwa ƙarshen ƙarni na 4 miladiyya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ana cewa mabiyansa ba su bar littafi ko ɗaya ba, komai nasu sirri ne, amma kuma an ce an gano wuraren ibadarsu fiye da 400, tun daga Ingila har Siriya. To idan masu tonon kufai suka ci karo da gini a ƙarƙashin ƙasa, da me suke gane cewa na Mitras ne, ba ɗakin ajiya ko ɗakin cin abincin wani attajiri ba? Na biyu, hoton nan nasu na saurayi, wato Mitras, ya danne bijimi yana soka masa wuƙa: da gaske suna yanka sa a cikin ɗakin har su yi wanka da jini, kamar yadda ake yawan faɗa? Bayanin aiki nake so, wato abin da ake gani a ƙasa da yadda ake karanta shi. Allah ya ƙara basira.

Mai Tonon Kufai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fasalin ginin shi ne farkon abin da ke ɗaga wa matoni kunne. Ɗaki ne dogo, siriri, ba taga. Ana shiga ta ƙaramin zaure, sau da yawa a sauka matakala biyu ko uku. A ciki akwai hanya a tsakiya, da dakali dogo a dama da hagu, a can ƙurya kuma gurbin da ake kafa hoton yankan sa. Dakalan nan ba na zama ba ne, na kishingiɗa ne, domin haka Rumawa ke cin abincin biki: kowa ya jingina da gwiwar hannun hagu, ya ci da dama. Shi ya sa za ka same su da faɗi, sun ɗan karkata zuwa bango, da ɗan siririn baki a gaba inda ake ajiye fitila da kofi. Su da kansu "kogo" suke kiran wurin, wani lokaci har su yi wa rufin yaɓe mai gargada don ya yi kama da dutse. Yawancin ɗakunan ba za su ɗauki fiye da mutum 20 zuwa 40 ba. Na Landan, da ake ganin yana cikin manya a Birtaniya, tsawonsa kusan mita 18 ne, faɗinsa kusan mita 8.

Amma fasali kaɗai ba ya yanke hukunci. Ƙungiyoyin 'yan sana'a da mabiya wasu gumakan su ma suna da ɗakunan ci masu dakali. Nan ne aka sha yin tuntuɓe: a ga ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ko kogo mai alamar fitila, a yi shelar an sami ɗakin Mitras, alhali ba abu ɗaya da ya ambaci sunansa. Ana buƙatar shaida ta biyu. Ko dai rubutu a jikin bagadi, galibi a taƙaice D I M, wato "ga allahn da ba a cin galabarsa, Mitras" a harshen Latin, ko guntun hoton yankan san, ko gumakan 'yan rakiyarsa biyu, Kautes mai ɗaga sandar wuta sama da Kautopates mai sunkuyar da tasa ƙasa, waɗanda ake kafawa a bakin dakalan. Ko ɗan guntu ya isa idan mutum ya san hoton: wutsiyar sa da ta ƙare da zangarniyar alkama, ko kunama maƙale a marainan sa, ba a samunsu a wani addini.

Landan ta nuna haka ƙarara. A 1954 W. F. Grimes da Audrey Williams suna tono a Walbrook, a filin da bama-baman yaƙin duniya na biyu suka share. Sun san haikali ne, amma na wa? Sai a ranar ƙarshe ta aikin kan gunkin marmara ya fito sanye da hular nan mai lanƙwasasshen tsini ta mutanen Firijiya (yanki a ƙasar Turkiyya ta yau), irin wadda ake sa wa Mitras a hotunansa. Wannan kan ne ya raba gardama.

Inda aikin ya fi wuya shi ne ɗakunan katako na ƙauyukan Jamus da Beljiyam. Itace ya ruɓe, sai tabon ramukan dirka a ƙasa, da kwarin hanyar tsakiya da aka haƙa aka bar ƙasar gefe ta zama dakali. Idan aka sa motar haƙa ta kwashe saman ƙasa da zurfi, dakalan sun tafi kenan, sai a ga rami mai kusurwa huɗu a ɗauka kwatami ne. Dabarar ita ce a kankare fili da hannu har launin ƙasa ya bambanta, a zana komai kafin a taɓa, sannan a yanka ramin a gicciye don a ga yadda daɓe ya hau kan daɓe. Wuri mai dausayi kuwa alheri ne. A Carrawburgh, kusa da ganuwar Hadiriyan a arewacin Ingila, fari na 1949 ya sa ƙasa ta motse har kan bagadai suka leƙo, da aka tona a 1950 kuma aka tarar da saƙar tsumagun da ke riƙe da dakalan ba ta ruɓe ba. Bagadai uku ne a jere, duka na kwamandojin rundunar Batabiyawa, wata ƙabila da ke yi wa Rum aikin soja. Ɗayansu an huda tsirkiyoyin da ke kewaye da kan gunkin har suka fita ta baya, inda aka fafe gurbin fitila. A ɗaki mai duhu, ka kunna aci-bal-bal ɗaya a bayan dutsen, sai kan ya yi haske shi kaɗai. An sami irin wannan bagadin a Inveresk ta ƙasar Sikotilan a 2010, da fuskar gunkin Rana.

Malama Mai Ƙasusuwa

Malam ya gama da gini, bari in ɗauki tambaya ta biyu. A taƙaice, ba a yanka sa a cikin ɗakin. Ka auna da kanka: ƙofa ƙarama, matakala, hanyar tsakiya da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. Ta ina bijimi zai bi, a ina za a kayar da shi, jinin ya kwarara ina? Wankan jinin da ka ji labari na wata ibada ce daban, ta gunkiyar da Rumawa ke kira Uwa Babba, wato Sibili. Marubuta ne suka cakuɗa su saboda duka akwai sa a ciki.

Abin da suka ci yana cikin ramukan shara, kuma wurin da ya fi koya mana shi ne Tienen a Beljiyam, wanda Marleen Martens ta jagoranci tononsa a 1998. Ɗakin na katako ne, kusan mita 12.5 da 7.5, na rabin ƙarshe na ƙarni na 3. A gefensa aka sami ramuka cike da ƙasusuwa da tsingaro. Kaji fiye da 200, 'yan raguna 14, 'yan aladu 10. Naman sa kaɗan ne ƙwarai.

Ga yadda ake fitar da waɗannan alƙaluma. Ba a ƙidaya ƙashi a ce adadin kaji kenan, don kaza ɗaya tana da ƙasusuwa da yawa. Ana ware ƙashi iri ɗaya na gefe ɗaya, misali ƙashin ƙaurin dama, a ƙidaya shi kaɗai. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin adadin kajin da aka yanka. Daga nan a duba jinsi. Zakara yana da ƙayar nan a bayan ƙafa, ƙashinsa kuma ya fi girma. Kaza mai saka ƙwai tana tara wani ƙashi mai laushi a cikin ramin ƙashin cinyarta, shi take narkarwa ta yi ɓawon ƙwai, don haka idan aka fasa aka gan shi, mace ce. A Tienen zakaru ne suka yi rinjaye nesa ba kusa ba, kuma an ga irin haka a wasu ɗakunan Mitras. Ba sharar gida ba ce wannan. A gida tsofaffin kaji da suka daina ƙwai ake yankawa. Zaɓe aka yi.

Lokacin bikin kuma daga muƙamuƙin 'yan ragunan da 'yan aladun aka karanta shi. Haƙoran dabba suna fitowa bi da bi, kowanne da watansa, kuma a wancan yankin haihuwar dabbobi tana zuwa ne a farkon bazararsu. Da aka lissafa, sai yankan ya faɗo ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin da yini ya fi tsawo a Turai. Abin da ya nuna biki ɗaya ne, ba tarin shekaru ba, shi ne shekarun dabbobin sun zo ɗaya, kuma an zuba komai cikin ramukan a tare, ba ƙasar da ta shiga tsakani. Kwanuka da kofuna da tukwane sun isa mutum 100 ko fiye, adadin da ɗakin ba zai ɗauka ba. Ke nan wani ɓangare na wannan "addinin sirri" a fili aka yi shi, a tsakar rana, da baƙi.

Akwai tukunya guda da ta cancanci a tsaya a kanta. An naɗa mata maciji na yumɓu, cikinsa rami ne kamar bututu, ya taso daga gindin tukunyar. Idan aka ɗora ta a wuta, abin da ke ciki ya yi zafi, sai ya hau ta bututun ya fito ta bakin macijin. Haɗa wannan da bagadin fitila da Malam ya ambata, da takobin da aka samu a Riegel ta Jamus wanda aka raba ruwansa biyu aka haɗa da baka na ƙarfe, yadda idan an ɗaura wa mutum sai a ga kamar ya ratsa shi. Mutanen nan sun san yadda ake razana sabon shiga.

Abin da ke lalata irin wannan bincike rashin tankaɗe ne. Ƙashin kaza ƙanana ne, na kifi ya fi ƙanƙanta, idan da hannu ake tsinta manyan ƙasusuwa kaɗai ido ke gani, sai lissafi ya karkata wajen shanu. Ƙa'ida ita ce a wanke ƙasar rami a rariya mai ido milimita 2 ko ƙasa da haka, a kuma ɗebi lita 10 zuwa 40 daga kowane daɓe da murhu a zuba cikin ruwa, gawayi da ƙonannen iri su taso a tare su da ƙyalle mai ido rabin milimita ko ƙasa. Masu tonon ƙarni na 19 gunki da rubutu suke nema, ƙashi da tsingaro sukan tafi juji. Shi ya sa ɗakuna da yawa da suka yi suna, mun san hoton bangonsu sarai, amma abin da aka dafa a ciki ya ɓace har abada.

Ɗalibin Tarihi

Na gode Malam, na gode Malama. To in ba yanka suke ba, mene ne ma'anar hoton? Kuma maganar cewa daga Farisa addinin ya zo fa, da batun matakai bakwai da ake cewa mabiyan suna hawa?

Malamin Latin

Sunan daga Farisa yake, ba musu. Mitra tsohon abin bauta ne na Iraniyawa, mai kula da alkawari. Franz Cumont, ɗan Beljiyam da ya tattara rubuce-rubuce da gumakan cikin manyan kundaye biyu a shekarun 1890, ya ɗauka addinin Majusawa ne ya yi ƙaura zuwa Rum ya sa rigar Rumawa, don haka kowane abu na hoton sai ya nemo masa fassara a littattafan Farisa. Wannan ra'ayi ya yi mulki kusan shekara 70. A taron masana na Manchester a 1971 John Hinnells da Richard Gordon suka warware shi: a littattafan Farisa babu inda Mitra ya kashe sa, kuma ba a tono ɗaki mai wannan fasali a Iran ba. Shaidun farko suna birnin Rum ne da bakin kogunan Rhine da Danube, wajen shekara ta 100. Ko na Dura-Europos a Siriya, da aka gano a 1934, wanda ke bakin iyakar Farisa, hafsoshin maharban Palmira da ke wa Rum aiki ne suka sa aka sassaƙa hotunansa wajen 168 da 170. Ta hannun soja ya isa can.

Game da hoton, abin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne taswirar sama ce. Wanda ya san buruji zai gane da wuri: sa shi ne Saur, kunama Akrab, zangarniya tauraron Sumbula, zaki Asad inda ya fito, sannan kare, maciji, hankaka da tukunya duk sunayen gungun taurari ne da ke jere a sashe guda na sama. Wani Bajamushe, Stark, ya lura da haka tun 1869, Cumont ya yi watsi da shi, Roger Beck da wasu suka farfaɗo da maganar. Kuma akwai marubucin zamanin, Forfiri, da ya ce kogon siffar duniya ce, wurin da ake nuna wa mai shiga saukowar rai da komawarsa. A Ostiya, tashar jiragen ruwan birnin Rum, akwai ɗakin da aka jera burujai a jikin dakalansa, aka zana rabin da'ira bakwai a daɓe. Har nan ƙafa tana kan ƙasa. Inda ake zamewa shi ne neman wane tauraro ne Mitras kansa. David Ulansey a 1989 ya ce gungun taurarin Perseus ne, kuma sirrin addinin shi ne gano cewa sama tana gocewa a hankali cikin dubban shekaru. Labarin da daɗi, amma ba rubutu ko ɗaya na mabiyan da ya goyi bayansa, kuma masana da yawa ba su saya ba. Ni ma ban saya ba.

Matakai bakwai suna da shaida biyu da suka dace da juna. Jerom, malamin Kirista, ya jera sunayensu a wata wasiƙa. Sannan daɓen ƙananan duwatsu na ɗakin Felicissimus a Ostiya ya raba hanyar tsakiya gida bakwai, kowane da alamominsa da tauraronsa: Hankaka na Uɗaridu, Ango na Zahara, Soja na Mirriku, Zaki na Mushtari, Bafarishe na Wata, Manzon Rana na Rana, Uba na Zuhal. Sai dai a kula, cikin rubuce-rubucen da aka samu ƙalilan ne ke ambaton mataki, kuma yawancinsu Uba ne ko Zaki. Masanin tarihi Manfred Clauss ya ce wataƙila matakan na shugabanni ne kawai, sauran jama'a sun shiga sau ɗaya sun tsaya. Yadda ake shigarwar kuma an zana shi a jikin dakalan ɗakin garin Kafuwa na Italiya da aka gano a 1922: mutum tsirara, an ɗaure masa ido, ana tura shi, ya durƙusa. A jikin wata tukunya daga Mainz ta Jamus, Uba na zaune ya ɗana kibiya yana auna sabon shiga.

Gargaɗi ɗaya kan rubutun bango. A ɗakin da ke ƙarƙashin cocin Santa Prisca a Rum, masani Vermaseren ya karanta wani layi da cewa "ka cece mu da ka zubar da jini madawwami", aka gina tulin bayani a kai ana kwatanta shi da Kiristanci. Da Silvio Panciera ya sake duba bangon a ƙarshen shekarun 1970, sai ya ga fentin ya kode ta yadda ba za a tabbatar da kalmar "madawwami" ba. Duk inda ka ga an kawo layi cikakke sumul, ka nemi sanin haruffa nawa ne ke bango, nawa mai bugawa ya cike. Haka batun da ake yi cewa 25 ga Disamba ce ranar haihuwar Mitras: kalandar shekarar 354 ta ce ranar haihuwar "wanda ba a cin galabarsa" ce, bikin gunkin Rana na hukuma, ba ta ambaci Mitras ba. Shi a hotunansu daga dutse yake fitowa, riƙe da wuƙa da sandar wuta.

Mai Tonon Kufai

Ƙarin abu biyu kan na Malamin Latin. Wanda ke son sanin su waye mabiyan ya dubi allon tagulla da aka samu a Virunum ta Ostiriya a 1992. Sunaye 98 ne, duka maza. An fara da 34 da suka gyara ɗakinsu da ya rushe a 183, aka yi ta ƙara sababbi har 201, da hannun marubuta daban-daban, wanda ya mutu kuma a sa masa alama a gefen suna. Allon ya ce sun taru ranar 26 ga Yuni 184 saboda mace-mace. Ka ga ƙarshen Yuni ya sake fitowa, kamar a Tienen. Virunum kuma gari ne na ma'aikatan mulki, ba bariki ba, don haka kiran abin "addinin soja" rabin gaskiya ne. A Ostiya, garin tashar jiragen ruwa, an tono fiye da 15, na 'yan kasuwa da 'yantattun bayi.

Na biyu, ƙarshen ɗakunan. Sulalla ne ke ba da kwanan wata, amma sulai yana cewa "ba kafin wannan shekara ba" ne kawai, don yana iya yawo a hannu shekaru kafin ya faɗi. Wanda aka samu ƙarƙashin daɓe yana nuna lokacin gini, wanda ke kan daɓen ƙarshe ƙarƙashin tarkacen rufi yana nuna lokacin bari, in aka haɗa su a jaka ɗaya an kashe shaidar duka. A wurare da dama, irin su Martigny ta Suwizalan mai sulalla fiye da 2,000, jerin yana kaiwa ƙarshen ƙarni na 4, zamanin dokokin sarki Tiyodosiyus na 391 da 392 da suka hana hadaya. Amma kada duk fasasshen gunki a ɗora wa Kiristoci. Sai a duba: sara ne a fuska da gangan, ko faɗuwar rufi, ko masu ɗiban dutse don gini? A Landan binne kawunan gumakan aka yi a tsanake ƙarƙashin daɓe tun farkon ƙarni na 4, ginin kuma ya ci gaba da aiki, ana jin don Bakkus, gunkin giya na Rumawa.

Idan kana amfani da hotunan na Landan, duba shekarar ɗauka. Wanda aka sake ginawa a 1962 an ɗauke shi daga mazauninsa, an juya fuskarsa, an ɗaga shi saman titi, an yi masa daɓen da bai taɓa samu ba, har Grimes ya barranta da shi. Sai a 2017 aka mayar da shi kusa da inda aka tono shi, a ƙarƙashin ginin Bloomberg, kimanin mita 7 ƙasa da titi. Don auna dakali da matakala, zanen tonon 1954 za ka bi, ba ɗaya daga cikin gine-ginen biyu ba.